Yadda Ake Shawo Kan Ciwon Rikicewar Hanji

Akwai mutanen da suka shafe shekaru suna fama da murɗar ciki da kumburi, yau gudawa gobe maƙarƙashiya, sun sha maganin olsa har sun gaji, an yi musu allurar taifot ba sau ɗaya ba, sun sha jiƙo da sassaƙen basir iri-iri, amma duk lokacin da aka ɗauki hoton ciki ko aka auna jini sai a ce ba a ga komai ba. Wannan amsa takan fi ciwon kansa ɓata musu rai, domin tana sa 'yan uwa su fara zargin cewa raki ne ko son jiki. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke ne da abin da likitoci ke taƙaita sunansa da haruffan IBS, wanda za mu kira ciwon rikicewar hanji a wannan bayani.

Ciwon na gaske ne, sai dai ba gyambo ba ne kuma ba ƙari ba ne, shi ya sa na'ura ba ta ganinsa. Matsalar tana cikin yadda hanji ke aiki da yadda yake musayar saƙo da ƙwaƙwalwa. Wani lokaci hanjin yakan tura abinci da sauri fiye da kima, wani lokaci yakan yi nawa, kuma jijiyoyinsa sukan zama masu saurin jin zafi, ta yadda 'yar iskar da wani ba zai ma san tana cikinsa ba sai ta zame wa mai ciwon azaba. Bahaushe ya daɗe da sanin wannan alaƙa, tunda idan tsoro ya kama mutum akan ce cikinsa ya ɗuri ruwa ko hanjinsa ya kaɗa. A wani bincike da Gidauniyar Roma, wata ƙungiyar masana cututtukan ciki da hanji, ta gudanar a ƙasashe 33, wanda aka wallafa a 2021, kimanin 4 cikin 100 na waɗanda suka amsa tambayoyi ta intanet sun cika sharuɗɗan ciwon, kuma ya fi yawa a tsakanin mata. Ba ya rikiɗewa ya zama ciwon daji, ba ya lalata hanji, ba ya kuma rage tsawon rai. Ba shi da magani ɗaya da zai tumɓuke shi, amma ana iya lallashinsa har ya lafa, muddin aka bi matakai a jere kuma aka riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda.

A fara da tabbatar da cewa shi ne

Matakin farko shi ne ganin likita, kuma babu wani mataki da zai maye gurbinsa. Ma'aunin da likitoci suka sabunta a 2016 don gane ciwon ya ce sai mutum ya kasance yana jin ciwon ciki aƙalla kwana ɗaya a kowane mako cikin watanni 3 na baya-bayan nan, sannan ciwon ya haɗu da biyu daga cikin abubuwa uku: yana da alaƙa da yin bayan gida, ko yawan zuwa bayan gida ya canza, ko kamannin bayan gidan ya canza. Dole kuma a ce alamomin sun fara tun watanni 6 da suka wuce. Ke nan wanda cikinsa ya ɓaci mako biyu bayan cin abincin biki bai shiga wannan sahu ba tukuna, ko da yake kimanin mutum ɗaya cikin goma na waɗanda suka yi mummunar gudawa ta ƙwayoyin cuta sukan ci gaba da fama da rikicewar hanji bayan cutar ta wuce.

Akwai alamomin da ba na wannan ciwo ba ne, kuma wanda ya ga ɗaya daga cikinsu kada ya tsaya gyaran abinci, ya nufi asibiti. Su ne jini a bayan gida ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ramewa ba tare da dalili ba, ƙarancin jini, zazzaɓi mai yawan dawowa, gudawar da ke tashin mutum daga barci cikin dare, jin wani ƙulli a ciki, farawar alamomin bayan shekara 50, da kuma samun wanda ya yi ciwon dajin hanji a cikin dangi na kusa. Macen da kumburin cikinta ba ya sauka ko kaɗan, musamman idan shekarunta sun ja, ya kamata a duba mata ƙwan mahaifa. Ina jaddada batun jini ne saboda yadda aka saba jingina duk jinin da ya fito ta dubura ga basir, alhali wannan sabo ya sa mutane da dama sun isa asibiti a makare.

Gwaje-gwajen da ake buƙata ba su da yawa. Akan auna jini don a ga ko ya yi ƙaranci ko akwai alamar kumburi a jiki, akan kuma duba bayan gida. A yankunanmu wannan duba yana da muhimmanci ƙwarai, domin tsutsar ciki da ƙananan halittu irin su jiyadiya da amiba, waɗanda ake ɗauka daga gurɓataccen ruwa, suna kawo alamomi masu kama da na wannan ciwo, haka ma tarin fuka idan ya sauka a hanji. Mai yawan gudawa akan yi masa gwajin jini na cutar siliyak, wato rashin jituwar jiki da wani sinadari da ke cikin alkama, kuma wajibi ne a yi gwajin tun mutum bai daina cin alkama ba, in ba haka ba sakamakon zai iya fitowa lafiya alhali akwai cutar. Idan likitan farko ya ga akwai buƙata, zai tura mutum wurin ƙwararrun ciki da hanji, waɗanda ake samu a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Littafin lura na mako biyu

Bayan an tabbatar, mataki na biyu bai buƙatar komai sai ƙaramin littafi da biro. Har tsawon mako biyu, kada a canza komai a abinci, a dai riƙa rubuta abin da aka ci da lokacin da aka ci, da sau nawa aka zaga, da yadda bayan gidan ya fito, da tsananin ciwo daga 0 zuwa 10, da yadda aka yi barci, da duk wani ɓacin rai da ya faru a ranar. Mata su haɗa da kwanakin al'ada, domin ciwon yakan tsananta a daidai lokacin. Domin kwatanta bayan gida, likitoci suna amfani da wani ma'auni mai hawa 7 da aka fitar a birnin Biristol na Ingila a 1997. Hawa na 1 da na 2 su ne masu tauri, kamar kashin akuya ko dunƙule mai gudaji, na 3 da na 4 su ne na lafiya, na 6 da na 7 kuma su ne masu ruwa-ruwa ko tsagwaron ruwa. Daga wannan rubutu ne za a gane ko ciwon mutum mai rinjayen maƙarƙashiya ne, ko mai rinjayen gudawa, ko mai gaurayen duka biyun, kuma sanin haka shi ne ke raba abin da zai amfani mutum da abin da zai cutar da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan ciwo tunani kaɗai yakan yaudari mutum, sai ya ɗora laifi kan abincin da ya ci yanzu alhali na jiya ne ya isa babban hanji.

A dakatar da abin da ke rura wutar

Mataki na uku shi ne barin wasu abubuwa, kuma a ganina shi ne aka fi sakaci da shi. Mutane da yawa, da zarar ciki ya murɗa, sai su aika kemis a sayo Flagyl ko siprofloksasin, su sha kwana biyu su ajiye. Waɗannan magunguna na kashe ƙwayoyin cuta ne, kuma yawan shansu ba bisa ƙa'ida ba yana hargitsa ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji, ya ƙara dagula abin da ake son gyarawa. Haka nan gwajin Widal guda ɗaya bai isa ya tabbatar da taifot ba, ballantana a ce mutumin da ba ya zazzaɓi yana ta yin taifot duk wata. Magungunan wankin ciki na gargajiya, waɗanda yawancinsu ke ɗauke da masu sa zawo irin filasko ko kuma kanwa mai yawa, sukan ba mai maƙarƙashiya sauƙin yini ɗaya, sannan su bar shi da murɗa da rashin ruwa a jiki. Ya kamata kuma a kai wa likita duk magungunan da ake sha don wasu cututtuka, domin taramadol da kodin da ƙwayar ƙarin jini suna ɗaure ciki, metfomin na masu ciwon suga yana iya sa gudawa, ibuprofen da diklofenak kuma suna iya fama ciki. Kada mutum ya yanke maganin da likita ya ɗora shi a kai da kansa, ya dai sanar da shi domin a duba ko akwai madadi.

Gyaran yadda ake cin abinci

Kafin a kai ga haramta wa kai wani abinci, mataki na huɗu shi ne gyara tsarin cin, kuma wasu daga nan suke samun sauƙin da ya ishe su. A riƙa cin abinci a kan lokaci, kada a wuni da yunwa sannan a cika ciki da dare, domin abinci mai yawa a tashi ɗaya yana zaburar da hanji. A zauna a ci a natse, a tauna sosai. A sha ruwa aƙalla kofi 8 a rana, fiye da haka a lokacin zafi. Shayi da kofi kada su wuce kofi 3, a kuma tuna cewa goro ma yana ɗauke da sinadarin da ke cikin kofi, don haka mai gudawar da ke tauna goro tun safe ya gwada rage shi. Lemon kwalba da cingam suna cika ciki da iska, kuma alewa da cingam da aka rubuta cewa babu suga a cikinsu galibi suna ɗauke da wani sinadarin zaƙi mai suna sobitol, wanda ke jawo ruwa zuwa hanji ya sa zawo. Soye-soye masu maiƙo da yaji mai yawa suna tayar wa mutane da dama ciwon, kuma 'ya'yan itatuwa gara a rarraba su, kada su wuce kashi 3 a rana, kowane kashi kimanin giram 80. A ba wannan gyara mako 4 kafin a yanke masa hukunci.

Mataki na biyar ya fi shafar masu maƙarƙashiya, kuma ya danganci ɓangaren tsiro da hanji ba ya narkarwa, wanda ake kira faiba. Iri biyu ne, kuma rashin bambance su ya wahalar da mutane. Akwai mai kaushi irin na dusar alkama, wanda yakan ƙara kumburi da murɗa ga mai wannan ciwo. Akwai kuma mai jiƙewa ya yi yauƙi, irin wanda ke cikin hatsin Turawa da ake kira ots, da garin ɓawon irin wani tsiro mai suna ispagula da ake sayarwa da sunan Fybogel, kuma shi ne ke tausasa bayan gida ba tare da tayar da iska mai yawa ba. Akan fara ispagula da giram 3 zuwa 4 a rana, a kaɗa a cikakken kofin ruwa a sha nan take, sannan a riƙa ƙarawa a hankali cikin makonni. Zaman bayan gida ma yana da ƙa'ida. Hanji ya fi motsi bayan karin kumallo, don haka a ware wannan lokaci kullum, kada a riƙe bayan gida idan ya zo, kada kuma a yi ta yunƙuri. Tsugunno irin na masan gargajiya ya fi miƙar da hanya, mai amfani da masan zama kuwa ya ɗora ƙafafunsa kan 'yar kujera har gwiwoyinsa su ɗara ƙugunsa.

Gwajin abinci mai zango uku

Idan duk wannan bai wadatar ba, sai a shiga mataki na shida, wanda ya fi kowanne buƙatar haƙuri. Masu bincike a Jami'ar Monash da ke Melbon a Ostareliya, ciki har da Peter Gibson da Sue Shepherd, sun gabatar a 2005 da bayanin cewa akwai wasu ƙananan nau'o'in suga a cikin abinci waɗanda ƙaramin hanji ba ya iya tsotsewa sosai. Sukan jawo ruwa, sannan idan sun isa babban hanji ƙwayoyin halittar da ke can su cinye su, su fitar da iska, kamar yadda ƙullu ke tashi idan ya kwana. Sun tara su ƙarƙashin suna ɗaya, FODMAP, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna cewa rabi ko fiye na masu ciwon sukan sami sauƙi idan sun rage su.

Zango na farko shi ne ragewa, na tsawon mako 4, kuma kada ya wuce mako 6. A ɗakin girkinmu, manyan abubuwan da za a ajiye su ne albasa da tafarnuwa, sai alkama da duk abin da aka yi da fulawa, wato burodi da taliya da gurasa da fanke da funkaso, sai wake da danginsa, wato ƙosai da alale da ɗanwake da waken suya, sai madara da nono, sai zuma da mangwaro da kankana da tuffa da 'ya'yan kashu, da dabino idan ya yi yawa. Jerin yana da ban tsoro a karon farko, amma abin da ya rage yana da yawa, kuma a nan mun yi sa'a, domin tushen abincinmu ba alkama ba ne. Shinkafa da masara da gero da dawa duk suna cikin waɗanda aka yarda da su, ke nan tuwo da koko da dambu da wainar shinkafa suna nan daram. Haka doya da dankalin Turawa, da nama da kifi da ƙwai, da gyaɗa, da alayyafo da karas da kokwamba, da tumatir da kuɓewa daidai misali, da gwanda da lemon zaƙi da abarba da ayabar da ba ta nuna sosai ba. Man shanu ba shi da sugan madara sai ɗan kaɗan, fura kuma ana iya dama ta da ruwa na ɗan wannan lokaci.

Albasa ce ta fi wuyar bari, domin da wuya a ɗora tukunya ba tare da ita ba, amma akwai dabara biyu. Ta farko ita ce amfani da lawashi, domin koren ganyen ba ya ɗauke da sinadarin kamar yadda ƙwallon ke ɗauke da shi. Ta biyu ita ce a yanka albasa ko tafarnuwa manya-manya, a soya su a mai zalla, a tsame su tsaf kafin a zuba tumatir ko ruwa. Sinadarin yana narkewa a ruwa amma ba ya narkewa a mai, don haka ƙamshin zai zauna shi kuma ya fita. Saboda wannan dalili, tsame albasa daga miyar da ta riga ta dahu ba ya amfani. A kuma lura da yajin tsire da kilishi da wasu dunƙulen ɗanɗano, domin sukan ƙunshi garin tafarnuwa ko na albasa. Tunda a yawancin gidaje tukunya ɗaya ake yi, ya kamata a zauna da mai girki a yi mata bayani, a riƙa ɗebar wa mai ciwon tasa miyar daban, kada abin ya zama kamar raina girkinta.

Idan mako 4 zuwa 6 suka cika babu wani canji, to abinci ba shi ne matsalar ba, sai a koma cin komai. Idan kuwa an ji sauƙi, sai a shiga zango na biyu, wato mayarwa ɗaya bayan ɗaya. A ɗauki abu guda a gwada shi kwana 3 ana ƙara yawansa, sauran abinci kuma yana nan yadda yake a zangon farko. Misali, rubu'in kofin madara a rana ta farko, rabi a ta biyu, cikakken kofi a ta uku, ana rubuta abin da ya biyo baya. Sai a huta kwana 2 ko 3 har ciki ya lafa, sannan a gwada zuma, bayanta burodi, sai albasa, sai tafarnuwa, sai wake. Wanda madara ta dama ya gwada kindirmo daban, domin tsamin da ya yi ya rage sugan madarar. Wake kuma a jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan, a dafa a sabon ruwa, domin wani ɓangare na abin da ke sa iskar yana fita da ruwan jiƙon.

Zango na uku shi ne zama kan abin da gwajin ya nuna. Yawanci mutum yakan tarar cewa abu biyu ko uku ne kawai ke damunsa, su ma sai sun yi yawa. Babban kuskuren da ake yi shi ne a tsaya a zangon farko saboda tsoro, mutum ya koma daga kunu sai farar shinkafa, ya rame, ya daina zuwa taron suna da biki. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin abubuwan da aka rage ɗin su ne abincin ƙwayoyin halitta masu amfani a hanji. Mai juna biyu da yaro da wanda ya riga ya rame kada su shiga wannan gwaji sai da kulawar masanin abinci na asibiti.

Magunguna

Mataki na bakwai ana yin sa ne tare da likita, kuma kowane magani alama ɗaya yake tarewa. Don murɗa akwai masu sassauta hanji irin hayosin, wanda aka fi sani da Buscopan, da mebeberin, da man na'ana'a na cikin kafso, wanda ake haɗiyewa ba a taunawa domin kada ya sa ƙwannafi. Hayosin bai dace da mai hawan ruwan ido ko dattijon da fitsari ke yi wa wuya ba. Don gudawa akwai loperamaid, wanda za a iya sha kafin doguwar tafiya ko muhimmin zama, amma ba a shansa idan akwai zazzaɓi ko jini a bayan gida. Don maƙarƙashiya an fi son makrogol, laktulos kuwa yakan ƙara iska da kumburi. Wanda ya so gwada kafson ƙwayoyin halitta masu amfani ya riƙe iri ɗaya na mako 4 zuwa 12, idan bai ga bambanci ba ya daina kashe kuɗinsa.

Idan ciwon ya ƙi lafawa, likita yana iya rubuta amitiriftilin kaɗan, a fara da miligiram 10 da dare. Wasu sukan ji haushi idan suka gano cewa asalinsa maganin damuwa ne, suna ganin an mai da su masu taɓin hankali, alhali a wannan ƙaramin awo aikinsa shi ne rage ƙarfin saƙon zafi da ke tashi daga hanji. Wani gwaji da aka yi wa mutum 463 a Ingila, wanda aka wallafa a 2023, ya nuna cewa miligiram 10 zuwa 30 ya rage tsananin alamomin bayan wata 6. Yana sa barci da bushewar baki, yana kuma iya ɗaure ciki, shi ya sa ya fi dacewa da masu gudawa, kuma ba maganin da za a saya a kemis ba tare da takardar likita ba ne.

Zuciya da jiki da ibada

Mataki na takwas yana tafiya ne tare da duk sauran. Damuwa ba ita kaɗai ke haifar da ciwon ba, amma tana zuga shi, shi kuma yana ƙara damuwa, musamman ga wanda kullum tunaninsa shi ne inda zai sami makewayi idan ya fita. Motsa jiki na minti 20 zuwa 60, sau 3 zuwa 5 a mako, ya rage alamomin a wani gwaji da aka yi a Suwidin a 2011, kuma tafiya da sauri bayan sallar Asuba ko da la'asar sakaliya ta wadatar. Barci a kan lokaci yana taimakawa. Akwai kuma numfashin ciki, wanda ake yi kamar haka: a kwanta rigingine, a ɗora hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a cibiya, a shaƙi iska ta hanci a hankali har hannun cibiya ya ɗaga na ƙirji bai motsa ba, sannan a fitar ta baki a lokacin da ya fi na shaƙa tsawo. A yi haka minti 10, sau biyu a rana, da kuma duk lokacin da murɗa ta taso. Wanda ya shekara yana shan magani bai ga sauƙi ba, ko wanda fargaba da baƙin ciki suka danne shi, ya nemi a haɗa shi da masanin halayyar ɗan Adam, domin zaman koyon sarrafa tunani yana cikin hanyoyin da aka tabbatar da amfaninsu ga wannan ciwo.

Akwai wata wahala da masu ciwon ba su cika faɗa wa likita ba, ita ce ta alwala. Mai yawan iska da kukan ciki yakan sake alwala sau da yawa don salla ɗaya, wani har ya daina zuwa jam'i saboda kunya da waswasi. Ya inganta a hadisi cewa mai salla ba ya fita don kokwanto sai ya ji sauti ko wari, kuma malaman fiƙihu sun yi bayanin sassaucin da ke kan wanda hadasi ya lazimce shi. Ya kamata mai wannan hali ya kwatanta wa malami amintacce yadda abin yake zuwa masa, ya karɓi hukuncin da ya dace da shi, domin matse iska da fargabar karyewar alwala su kansu suna ƙara murɗa. A watan azumi kuma, buɗa-baki da ƙosai da soye-soye da kankana da dabino mai yawa a tashi ɗaya ya tara kusan duk abin da ke tayar da ciwon. Gara a buɗe baki da ruwa da dabino ɗaya ko biyu da koko, a yi salla, sannan a ci abinci matsakaici, a rarraba shan ruwa har zuwa sahur, kuma kada a fara gwajin mayar da abinci a cikin watan.

Ko an bi komai daidai, ciwon zai riƙa tasowa lokaci-lokaci. A irin wannan rana a koma abinci mai sauƙi kaɗan-kaɗan na kwana ɗaya ko biyu, a ɗora gorar ruwan ɗumi a ciki, a sha maganin da aka riga aka tsara da likita, idan gudawa ta yi yawa a haɗa da ruwan gishiri da suga, sannan a rubuta abin da ya gabaci tashin a littafin lura. A riƙa komawa wurin likita da littafin aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan kuwa salon ciwon ya canza daga yadda aka san shi, ko ɗaya daga cikin alamomin haɗari da aka ambata a farko ta bayyana, a koma asibiti cikin makon, ko da shekara goma aka yi ana ɗauke da sunan wannan ciwo.